Daƙiƙa Huɗu

A Garwa har yau ba mai ce mini Sabi'u.
Tsigi, in ji mahauci. Tsigi, in ji ɗan acaba.
Tsohuwar da ke suyar kifi a gindin gada
ta ja kunnena jiya, ni da gemuna,
ta ce, "Maimaita mini maganar nan taka."
Na maimaita. Ta yi ta dariya har kifi ya ƙone.

Ina ɗan shekara bakwai suka zo da farar mota,
suna neman yaro mai giɓi, marar kunya.
Giɓi ina da shi. Kunya kuwa ba ta san ƙofarmu ba.
Magana ɗaya aka sa a bakina:
"Baba, tukunya ta ce ba ta ga nama ba!"
Ta bi motocin auduga har Marwa,
ta haye kogi a Kusiri ba takarda.
Daren Laraba unguwa kan taru gaban akwatin Alhaji Barmo,
ni a ƙasa cikin yara ina kallon kaina,
ana mintsinina don a tabbatar ni ne.

Kuɗin? Kawu ya ce zai ajiye har in girma.
Na girma.
Babur ɗin da ya saya ya riga shi mutuwa.

Shekara shida na yi ina ɗan shekara bakwai.
A aske ni ƙwal, a ɗaure mini wando a ƙirji,
a ce in ɗan rusuna in kyamara ta juyo.
Wata safiya na buɗe baki
sai muryar wani ƙato ta fito.
Darakta ya cire hula, ya sosa ƙeya,
ya ce za su neme ni.
Laraba ta zagayo, ga wani yaro cikin rigata,
har da ɗinkin da Inna ta yi a hammata.

Na gwada Kano. Na yi mai gadi, na yi ɗan kallo,
na yi gawa sau uku.
An yaba: ba wanda ya kai ni riƙe numfashi.
Na dawo a motar dare da jaka ɗaya da tari.

Yanzu rumfa gare ni a bayan babbar kasuwa,
ina kwance akwatin da na taɓa zama cikinsa.
Na duba da kyau. Ba kowa a ciki,
sai wayoyi da ƙwan kyankyaso.

Watan jiya wani malamin makaranta ya kawo kaset,
ya ce in juye masa a waya, na ƙuruciyarsa ne.
Na saka. Hoto ya yi rawa, ya tsaya.
Kubura, 'yata, ta leƙo daga bayan teburi,
ta ce, "Wannan yaron ya cika surutu,"
ta koma wasanta da murfin kwalba.

Ni ba yaron nake kallo ba.
Can gefen hagu, inda mai ɗauka ya yi sakaci,
ga hannu riƙe da kofin silba,
ga bakin zane mai ruwan ganye,
ga tabon ƙunar da na sani a wuyan hannu.
Tana jira a ce an gama, ta ba ni ruwa.
Daƙiƙa huɗu, sai kyamara ta kauce.

Inna ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto ba.
Bana shekararta tara a ƙasa.

Malamin ya zo karɓa sau biyu.
Na ce masa injin ne ke gardama.
Kullum in an rufe kasuwa sai in mayar baya,
zaren yana ƙara cinyewa, na sani,
yaron yana ta ihun tukunya da nama,
ni ina cewa, matsa, Tsigi,
matsa kaɗan, ka tare ta.